Yadda na reni jakaranda a ƙofar gidana a Bukuru

Filin da na gina gida a bayan garin Bukuru tsohon wurin haƙar kuza ne. Duk wanda ya san yankin ya san irin ƙasar: yashi da tsakuwa a sama, marmara a ƙasa, ga tuddan ƙasar da kamfanonin haƙa suka tara suka tafi suka bari, ga ramukansu da ruwa ya mayar tafkuna. Ban da 'yan bishiyoyin turare da aka dasa can nesa don farfaɗo da wurin, babu inuwar da mutum ɗaya zai raɓa. Mutane in sun ji an ce Jos sai su ɗauka sanyi ne ba dare ba rana. Gaskiya ne muna kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma darenmu na da sanyi, amma ranar watan Maris a nan tana da cizo, musamman a fili fetal irin nawa.

Da na ce zan dasa bishiya a ƙofar gida, kowa ya kawo tasa. Magini ya ce dogon yaro, ba ruwansa da wahala. Surukina ya ce mangwaro, ko ba komai yara sa sha. Ba ni da abin cewa a kan dogon yaro. Shi ma baƙo ne, daga Indiya aka kawo shi, ya shigo Borno a 1928, yau ga shi ya zama ɗan gari tun daga Maiduguri har Sakkwato da Maraɗi. Amma ni tun ina yaro akwai bishiyar da ta tsaya min a rai, wadda nake gani a tsofaffin unguwannin Turawa na Jos, in rani ya yi nisa sai ta zubar da ganye ta lulluɓe kanta da fure shuɗi mai ratsin shunayya. Jakaranda ke nan. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, arewacin Ajantina da kudancin Bolibiya, wuraren da ke da tuddai da damina mai ruwa da rani mai ɗan sanyi, kusan irin yanayinmu na Filato. Masana tsirrai na kiranta Jacaranda mimosifolia, kuma sun sa ta dangi ɗaya da sansami da aduruku. Wanda ya taɓa ganin sansami a daji ya yi fure alhali babu ganye ko ɗaya a jikinsa, zai gane zumuncin nan take.

Ban sayi dashe ba. Na so in fara tun daga iri, in san bishiyar tun tana ƙwaya. A cikin hunturu na je gindin wata babba a gefen hanya, na nemi izinin mai gadin gidan da take ƙofarsa, na sa gora na kaɗo kwansunan da suka bushe amma ba su buɗe ba. Waɗanda suka riga suka faɗo ƙasa yawanci fanko ne, iska ta kwashe abin da ke ciki. Kwanson nan abin kallo ne: zagayayye, shafaffe, faɗinsa santimita 5 zuwa 8, mai tauri kamar katako, launin ƙasa-ƙasa, gefensa a ɗan lanƙwashe. Na shanya su a kan tire cikin rana na rufe da tsohon gidan sauro. Bayan 'yan kwanaki suka fara tsagewa da kansu, kowanne ya buɗe baki gida biyu. A ciki ƙwayoyin na jere a kwance, kowace ɗaya da fiffike siriri a kewaye da ita, wanda in ka ɗaga shi sama kana hango haske ta cikinsa. Ko numfashi ka yi da ƙarfi a kan tiren sai sun tashi. Shi ya sa gidan sauron.

Akwai wani dattijo mai renon itatuwa a bakin rafi, wanda ya yi shekaru yana sayar da dashen furanni da na lemo da gwaiba. Na kai masa irin a cikin ambulan na gaishe shi, na ce, "Baba, ga abin da na samo, ina so ka ɗora ni a hanya." Ya zuba a tafin hannu, ya hure marasa ƙwari, ya ce, "Ɗana, ka ɗauko aiki mai daɗi, amma ka ji abu ɗaya. Wannan icen shekara biyu yake so ka yi masa hidima kamar jariri. Daga nan ka janye hannunka. Masu kashe shi da yawan kulawa sun fi masu kashe shi da sakaci." A lokacin na ɗauka maganar manya ce kawai. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan maganar ya tafi.

Na jira sanyi ya sassauta, don iri ba ya son tsirowa a ƙasa mai sanyi. Na jiƙa ƙwayoyin a ruwa kwana ɗaya. Na haɗa ƙasa kashi uku: yashin rafi, baƙar ƙasar lambu, da takin shanu da ya ruɓe sarai har ya daina wari. Na cika baƙaƙen ledojin reno, na huda gindinsu da ƙusa wuri-wuri, na ɗora ƙwaya biyu a kowace leda na yayyafa ƙasa sama-sama, iyakar abin da zai rufe ta. In aka binne ta da zurfi ba ta fitowa. Na jera su a gindin katanga ta gabas, inda suke samun hantsi su tsira daga ranar azahar. Ban-ruwan ma da hannu nake yayyafawa, don in aka kwarara da buta ƙwayar sai ta taso sama.

Tsakanin mako biyu zuwa uku suka fara leƙowa. Ganye biyun farko ba su yi kama da komai ba, sai na uku da na huɗu suka fito da ainihin siffar, 'yan mitsi-mitsin ganyaye a jere reras irin na ɗorawa. A wannan matakin maƙiyansu kaji ne da ƙadangaru, sai kuma ruwa in ya yi yawa, wanda ke ruɓar da wuyan tsiron ya kwanta cikin dare ɗaya. Na kifa musu tsohon kwando mai manyan ƙofofi, na kuma riƙa tsoma yatsa a ledar kafin in ƙara ruwa. A kowace leda na bar mai ƙarfi na cire ɗayan.

Ban yi gaggawar kai su ƙasa ba. Na bar su suka ci daminar a leda, na sauya musu manyan ledoji da suka girma, suka kuma ci rani a gindin katanga. Abin da Baba ya ja min kunne a kai shi ne in riƙa ɗaga ledojin ina sauya musu wuri lokaci-lokaci, domin saiwar na bin hudar gindi ta shige ƙasa, ranar da ka zo ɗauka sai ka tsinke ta, dashen ya yi yaushi. Da damina ta biyu ta kawo kai, mafi ƙarfinsu ya wuce gwiwata, kaurinsa ya kai na ɗan yatsa. Shi na zaɓa wa ƙofar gida, sauran na rarraba, ɗaya ya tafi Kano wurin ƙanena.

Zaɓen wuri shi ne inda na fi daɗewa ina tunani, kuma ina ganin nan ne mutane suka fi yin garaje. Kana riƙe da abu a leda da hannu ɗaya, da wuya ka yarda cewa zai iya kai mita 15 ko fiye, rassansa su baje faɗin da ya kusa haka. Saiwarsa kuma ba ta nitsewa can ƙasa kawai, tana bin sama-sama, tana ɗaga daɓen siminti tana neman duk inda danshi yake. Saboda haka na nisanta shi da katanga, da rijiya, da ramin masai, na kuma ɗaga kai na duba inda wayar lantarki ta bi. Maƙwabcina ya fito ya same ni ina auna ƙasa da igiya, ya ce, "Malam, Allah ya sa dai ba katangata za ka rusa min da wannan abin ba." Na ce, "Alhaji, zo ka riƙe min bakin igiyar ka gani da idonka." Muka auna tare, ya fi mita 6 daga tasa katangar da tawa. Ya ce to madalla, Allah ya raya. Sharaɗi na ƙarshe shi ne rana. Jakaranda ba ta fure a inuwar wani abu, tana son rana tun safe har yamma, don haka na kauce wa ɓangaren da ginin ke jefa inuwa.

Ramin na yi shi santimita 60 faɗi, 60 zurfi. Da muka kai kan marmara shebur ya gaza, sai da aka sa diga aka farfasa ta. Wannan farfasawar ba ƙawa ba ce. Jos na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, mafi ƙarfinsa a Yuli da Agusta, kuma rami a kan marmarar da ba a fasa ba tukunya ce, ruwa zai kwanta a ciki saiwa ta ruɓe. Na zuba bokitin ruwa na gwada, na ga ya tsotse kafin in dawo daga sallar la'asar, sannan hankalina ya kwanta. Na gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki kaɗan na mayar. Da ruwa ya zauna sosai a watan Yuni, wata yamma mai lumshi, na yanke ledar da reza ba tare da na fasa dunƙulen ƙasar ba, na warware saiwoyin da suka fara naɗewa a gindi, na zaunar da dashen daidai zurfin da yake a leda, ba a ƙara ba a rage ba. Na ɗan tayar da ƙasar gindin ta yi tudu don ruwan Agusta ya riƙa gangarewa.

Damina ta yi min rabin aikin. Ranin farko shi ne jarrabawar.

Da farko dai awaki. A unguwa irin tamu da zarar an gama girbi ana sakin dabbobi, kuma duk wani abu kore a watan Janairu nasu ne. Ƙaya ba ta hana akuya, tana sa kai ta ture. Na kewaye dashen da ragowar bulon gini, na jera shi da tazara don iska ta riƙa shiga kada zafi ya dafa shi, na ɗora ragar waya a sama har zuwa ƙirjina, tun da akuya na miƙewa a kan ƙafafun baya ta kai inda ba ka zata ba. Sai kuma gara, wadda ta fi akuya illa don ba a ganin zuwanta. Kullum da safe in na dawo daga masallaci nakan tsuguna in duba gindin. Alamarta ita ce siririyar hanyar jar ƙasa da take ginawa a jikin icen, tana hawa sama. In na gani sai in murje da yatsa, in tona kaɗan in barbaɗa toka. Na lura abin da ke janyo ta shi ne busasshen abu da ke taɓa gindin: karan dawa, ɗanyen kashin shanu da ya bushe bai ruɓe ba, ko turken icen da aka kafa don tallafi. Don haka ciyawar da na shimfiɗa don riƙe danshi na ja ta baya tazarar tafin hannu daga gindin, na cakuɗa ta da ganyen dogon yaro, turken kuma na sa guntun rodi da ya rage daga gini maimakon ice. Da tsohuwar robar cikin tayar keke na ɗaure, sako-sako, yadda iska za ta iya kaɗa shi ya yi ƙwari da kansa ba tare da ya karye ba.

Ruwa kuwa, na rushe tudun damina na mayar da shi kwano a kewayen gindin. Ba kullum nake ba shi ba. Sau biyu a mako, amma in ba shi ya ƙoshi har ruwan ya nitse can ƙasa. Yayyafin kullum yana koya wa saiwa zama a sama, ranar da ka yi tafiya kuwa rana ta ƙone ta. Da rijiyarmu ta ja baya a watan Maris har muka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa, sai na samo tsohon tulu mai tsaga na binne shi gefe har wuya, ina cika shi in rufe bakin da fasasshen kwano, yana tsattsafowa a hankali. Na kuma mayar da wurin alwalata can. Ruwan wanki mai omo da na wanke-wanke mai gishiri na hana a zuba, domin suna ƙona gefen ganye.

Akwai maganar siffa. Jakaranda in an bar ta tana son rabuwa biyu ko uku tun daga ƙasa, ta zama kurmi maimakon bishiyar da za a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekarun nan biyu na farko duk tohon da ya fito a ƙasa da inda nake so nakan tsinke shi da farce tun yana laushi, na bar kai ɗaya yana tafiya sama har ya wuce tsayin mutum da hannunsa a ɗage. Daga nan na bar shi ya yi rassa yadda ya ga dama, kuma tun daga lokacin adda ba ta taɓa shi ba. Dalili kuwa, ita wannan bishiyar in aka datse mata babban reshe ba ta mayar da irinsa. Sai ta fitar da tsirrai miƙaƙƙu tsaye cirko-cirko daga bakin yankan, marasa ƙwari, waɗanda guguwar farkon damina ke ɓallewa. Duk wanda ya bi titunan Jos ya ga waɗanda aka sassare saboda wayar lantarki zai ga abin da nake nufi. Laimarsu ta tafi ke nan har abada. Abin na ba ni takaici duk lokacin da na wuce, domin laifin ba na mai saran ba ne kaɗai, har da wanda ya dasa a ƙarƙashin waya tun farko.

Da aka shiga rani na uku na kwashe bulon, na tone tulun, na daina ban-ruwa. Wannan ya fi duk aikin baya wuya a zuciya. Watan Janairu ganyen ya yi rawaya ya fara zuba, kafin Fabrairu ya ƙare bishiyar ta koma tsirara. Uwargida ta ce, "Malam, anya icen nan bai mutu ba? Duk wahalar nan?" Alhaji ma ya ce gara ce ta ci shi ta ciki, ya kawo min takin yuriya a leda don in taimaka masa. Na karɓa na yi godiya, na zuba wa masarar bayan gida. Na kankare ɓawon wani ƙaramin reshe da farce na nuna musu koren da ke ciki. Zubar da ganyen nan hutunta ne, kuma da shi take shirya fure. In aka dame ta da ruwa a lokacin, ko aka cika ta da taki irin yuriya, za ta yi ganye luf-luf abin sha'awa, shekara ta zagayo babu fure ko ɗaya.

Kuma gara in faɗi gaskiya game da inuwar, tun da don ita aka fara maganar. Inuwar jakaranda ba irin ta durumi ko ceɗiya ba ce, mai duhu da sanyi. Sakayau take, rana na ɗiɗɗigowa ta tsakanin ganye, har ciyawa na iya rayuwa a ƙarƙashinta. Daga Mayu zuwa Disamba ba ni da ƙorafi, a nan muke zama da yamma, a nan yara ke karatun allo. Amma a Fabrairu da Maris, lokacin da aka fi bukatar mafaka, ita kuma a lokacin take tuɓe ganye. Wanda inuwar bazara ce kaɗai damuwarsa, ya dasa dogon yaro ko durumi ya huta. Ni daga baya na bi shawarar surukina na ƙara mangwaro a cikin gida saboda watannin nan.

Fure kuwa sai da aka yi haƙuri. Wadda aka shuka daga iri takan ɗauki shekara 7 zuwa 14 kafin ta fara, wadda aka yi wa aure da reshen babbar bishiya kuma takan fara cikin shekara 2 zuwa 3. Ɗana da aka haifa shekarar da na kai dashen ƙasa ya yi nisa a firamare kafin mu ga na farko. Wani ƙarshen rani ne na hangi wasu dunƙule-dunƙule masu duhu a kan rassan sama, na ɗauka toho ne. Bayan kwanaki suka buɗe. Reshe uku ko huɗu ne kawai suka yi a wannan shekarar, amma na ɗauko tsani na hau don in gani kusa. Kowane fure tsawonsa kamar santimita 5, mai siffar kakaki, bakinsa ya rabu leɓe biyar, cikin maƙogwaronsa fari, jikinsa da laushin gashi-gashi. Suna fitowa ne a tari, tarin ɗaya ya kusa tsawon kamu. Ƙudan zuma sun riga ni isa. Shekarar da ta biyo ta ninka, ta bayanta kuma bishiyar gaba ɗaya ta rufe, har masu wucewa a babur suna rage gudu.

Wadda ta tafi Kano ƙwaya ɗaya suke da tawa, uwa ɗaya, leda iri ɗaya, kuma ƙanena bai gaza wajen kula da ita ba. Ta rayu, ta yi tsayi, amma Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, zafin Afrilu na haura digiri 40, ganyenta na ƙonewa a baki, furen da take yi kuma tsilla-tsilla ne a ɓoye cikin ganye. Jakaranda na son dare mai sanyi kafin ta yi fure sosai. Shi ya sa garuruwan da suka yi suna da ita yawanci na kan tudu ne ko nesa da tsakiyar zafi: Nairobi, Harare, birnin Meziko, da Pretoriya ta Afirka ta Kudu, inda aka dasa na farko a 1888 har garin ya samu laƙabi da ita, kuma can a watan Oktoba take fure tun da yanayinsu kishiyar namu ne. Na ce wa ƙanena in fure yake so a ƙasa mai zafi ya nemi fulamboyan, mai jan fure, 'yar asalin Madagaska, wadda zafi bai dame ta ba. Ya dasa, kuma ta karɓe shi.

Abin da ya rage yanzu shara ce, kuma ba ƙarama ba. Furen na zuba kullum na tsawon makonni, in ruwan farko ya sauka a kansa sai ya yi santsi a kan siminti, tsoho na iya zamewa. Ƙananan ganyen na shiga indararo su toshe shi, don haka kafin damina sai an hau an kwashe. Duk abin da aka share ina tara shi a rami bayan gida ya ruɓe ya zama taki. Sai kuma 'ya'yan da iska ke shukawa da kanta: kowace damina ina samun tsirrai a gindin katanga, a bakin kwata, har a cikin gidan Alhaji. Ba na wasa da su. A Afirka ta Kudu yaɗuwarta cikin daji da bakin rafuka ta sa a 2001 hukuma ta sa ta cikin baƙin itatuwa masu mamaye ƙasa, aka hana dasa sababbi, kafin daga baya a sassauta a cikin wasu birane. Saboda haka wanda ya fito inda bai dace ba ina tuge shi tun yana ƙarami, masu kyau kuma in mayar da su leda.

Biyu daga cikinsu bana za su tafi makarantar Islamiyyar unguwarmu. Mun zagaya filin da shugaban kwamiti, mun zaɓi wuri nesa da rijiya da banɗaki da layin waya, an fasa marmarar, an kawo bulo da rodi. Manyan ɗalibai biyu sun karɓi ban-ruwan rani, na kuma nuna musu yadda hanyar gara take a jikin ice. Muna jiran ruwa ya zauna a watan Yuni.